Na Zama Tafinta Tsakanin Uwata da Matata

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni mutum ne mai taƙama da bakinsa. Na bar ƙauyenmu da ke cikin duwatsun yankin Buza tun gemu bai tsiro mini ba, na tafi biɗa, wato ci-rani, kamar kowane saurayin yankinmu na Adar a Nijar. Na yi dako a Kumasi, na sayar da goro a Wagadugu, na taɓa zaman Lome, a ƙarshe na yada zango a Abijan, na buɗe ɗan shago. Duk inda na sauka, kafin in gama sanin hanyar kasuwa na riga na san yadda ake gaisuwa da yadda ake zagi. Ina jin Zabarmanci da Mosanci da Faransancin titi, Julanci kuwa har mafarki nake yi da shi. In ƴan sanda suka tare ɗan ƙasarmu, ni ake aikowa a kira. A nan na koyi wata ɗabi'a da na ɗauka hikima ce: ba na kai magana yadda aka ba ni ita, sai na rage mata zafi a hanya. Na kashe rigima da yawa da haka, ana ta sa mini albarka.

A Abijan na yi aure. Matata ƴar arewacin ƙasar ce, Musulma, Julanci ne harshenta. Kifi take sayarwa, kuma tun daga bakin kasuwa kana jin muryarta tana ciniki, tana tsokanar abokan sana'a, tana dariya. Muka haifi ƴaƴa, suka girma, suka yi nasu gidajen. Sai zamani ya juya, aka fara tambayar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Maƙwabtan da muka ci abinci a kwano ɗaya da su suka koma kallon sunan mutum kafin su amsa gaisuwarsa. Ni dai na san baƙo ne, amma ita da aka binne kakanninta a ƙasar, ita ma aka ce baƙuwa ce saboda sunanta na arewa ne. Da aka ƙone shagona, na ce mata mu tafi gida, inda ba wanda zai tambaye mu daga ina muke. Ƴaƴan suka ce su ba su san wani gida ba sai nan, suka zauna. Ita ta ɗaure kayanta ta biyo ni.

Muka sauka a tashar Madawa, muka shiga ƙaramar mota zuwa ƙauye. Gidan da na bari kana iya ƙirga mutanensa da yatsu, na tarar ya cika ya batse: ƙannena, matansu, ƴaƴansu, har da jikoki. Gonar da ubanmu ya noma shi kaɗai an yanka ta tsiri-tsiri, kowa ya san iyakarsa da dutse. A kurmi na ga ƙasa tana kwance tana jiran hannu, a nan kuwa hannuwa na tarar suna jiran ƙasa. Inna, mahaifiyata, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta dubi matata daga ɗankwali har yatsun ƙafa, ta ce ashe wannan ce ta riƙe mata ɗa a kurmi har ya yi furfura, ita dai ba ta ga abin riƙewa ba, ko hancin kirki babu. Matan gida suka fashe da dariya. Matata ta tambaye ni me tsohuwa ta ce. Na ce tana yi mata barka da zuwa, ta ce ta huta gajiya. Matata ta durƙusa, ta dubi duwatsun da suka kewaye garin, ta ce in gaya wa Inna yau ta gane dalilin taurin kaina, ashe a kan dutse aka haife ni. Na juya na ce wa Inna tana godiya, Allah ya ƙara girma. Inna ta taɓe baki, ta ce to, amin.

Na ɗauka abin na kwana kaɗan ne, kafin su saba. Amma wanda ya gyara magana yau dole ya gyara ta gobe, don kada ta jiya ta tonu. Inna ta ce miyar matata kamar an wanke kifi a ciki, in ce ta yaba. Matata ta ce wannan fura da ake sha safe da rana da yamma, ko mutanen garin nan ba su da haƙora ne, in ce tana gaisuwa. Na hana ta zuwa rijiya, na sa ana kawo mana ruwa, don na san can ake kiranta ƴar kurmi, kuma can ake cewa asiri ta yi mini. Da kanta ta fara tsintar kalmomi. Wata rana tana so ta ce za ta shiga ɗaka, sai harshenta ya ce daka. Matan ƙannena suka sheƙe da dariya, suka miƙa mata taɓarya, suka ce bisimilla, ga turmi. Ita ma tana dariya, har ta gyara ɗaurin zane. Ni kuwa na fito daga zaure a fusace, na karɓe taɓaryar, na ce musu ba sa'arsu ba ce, kada in ƙara ganin an yi mata haka. Daga ranar suka ja jikinsu. Sai su gaishe ta da ladabi su wuce.

Haka na ɗaure mu duka. Ban iya zuwa ko'ina ba. Abokaina su biyo mini mu tafi kasuwar Karofane, in ce ba ni da lafiya. A yi suna a Garhanga, in aika a ba da haƙuri. Suka laƙaba mini kaza mai kwanci, in na zo masallaci su tambaye ni ko ƙwan sun ƙyanƙyashe. Ina zaune a zaure amma kunnena yana cikin gida, da na ji muryar Inna ta ɗaga sai in miƙe. Ni da na tsallaka ƙasashe da ƴar jaka a kafaɗa, na koma ba na wuce bakin gari. Matata kuwa ta bushe. Matar da ake jin muryarta daga bakin kasuwa ta koma yini guda ba ta ce uffan ba sai in na shigo. Ta kan zauna da rediyo a kunne tana sauraron labarai da Faransanci, ba don labaran ba, don ta ji maganar da ba sai ta bi ta bakina ba. Ta taɓa ce mini ba ta taɓa ganin gari mai faɗin sama kamar namu ba, kuma ba ta taɓa jin ƙunci kamarsa ba. Na ce ta yi haƙuri, kowa yana ƙaunarta. Ta ce ta sani, kullum abin da nake gaya mata ke nan.

Shekaru suka tafi a haka, har gwiwoyin Inna suka gaza. Gab da damina ta aika a kira mu. Ta sa an ɗauko mata hauyarta, ta ajiye a gabanta. A wajenmu mace tana da ɗan filinta na kanta, muna ce masa gamana, inda take shuka kuɓewa da yakuwa da wake, abin da ta samu nata ne. Gamanar Inna tana bakin ƙorama, inda laima ke daɗewa, kuma uwar mijinta ce ta ba ta ita. Inna ta nuna matata da sanda, ta ce in gaya wa raguwar nan zama ya isa haka, har tabarma ta ɗauki siffarta. Ta ce ƴar gida ba ta ci a zaune. Ta ce matata ta ɗauki hauya, daga bana gamanar tata ce, in kuma ta bari ciyawa ta cinye ta, da wannan sandar za ta kakkarya mata baya.

Na san ma'anar abin sarai. Inna ba ta zagin baƙo. Baƙo shimfiɗa take yi masa da murmushi, wanda ta ɗauka nata shi take yi wa tsawa. Kuma a ƙasar da ake faɗa a kan takun ƙafa ɗaya, ba a miƙa wa mutum fili sai an ce ya zama ɗan gida. Amma matan ƙannena suna tsaye suna ji, kuma wani ƙanena ya riga ya shaida mini cewa ƴaƴansa sun yi aure ba su da inda za su sa iri, idonsu yana kan wannan wuri. Na hango rigimar da za ta tashi in aka ce ƴar kurmi ta gaji gamanar Inna, na hango ƙara wajen mai gari, na hango gaba tsakanina da ƴan'uwana. Bakina kuma ya saba da hanyarsa. Na juya na ce wa matata da Julanci Inna ta ce damina ta zo, aikin nan da wuya, ita baƙuwa ce, ta zauna ta huta. Matata ta dubi hauyar, ta dubi fuskar Inna, ta daɗe. Sannan ta tambaye ni a hankali, ashe duk shekarun nan har yanzu baƙuwa ce. Na ce wa Inna matata ta gode, amma bayanta ba zai iya ba. Inna ta tura hauyar gefe da ƙafa. Ta ce dama ta sani, matar da ta ga ƙasar kurmi ta raina tamu. Daga nan ba ta ƙara tsokanarta ba, sai sannu, sai yawwa.

Bayan kaka matata ta ce za ta je Abijan ganin ƴarmu da ta haihu. Na raka ta Madawa. Muna jiran mota ta cika, ta ce mini a ƙasarta an kira ta baƙuwa da zagi, ta rama da bakinta, ta ji sanyi. A ƙasata kuwa ana kiranta baƙuwa da fara'a, ba ta da bakin ramawa, kuma ba a ma yi mata laifin da za ta rama ba. Na buɗe baki in faɗa mata gaskiya, sai na tuna in na faɗi ta hauya dole in faɗi ta miya, da ta hanci, da duk sauran. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ba ta dawo ba. Ni kuma ban iya bin ta ba: Inna ta kwanta, ba ni da abin komawa can, ƙarfin biɗa kuma ya ƙare. Ana saura kwanaki Inna ta rasu ta tambaye ni ko raguwar nan tana lafiya. Ta ce ta so matar, tana son yadda take shara da yadda take tafiya kamar mai zuwa karɓar hakkinta, girman kai ne kawai ya ɓata ta. Na sunkuyar da kai na ce tana gaishe ta.

Sai bayan sadakar arba'in na kira matata a waya na kwashe komai na gaya mata. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce in maimaita mata maganar Inna ta ranar, da Hausa, yadda ta fito, kada in sa Julanci ko kalma ɗaya. Na maimaita. Ta ce kalmar raguwa ta san ta, kalmar hauya ta san ta, kuma tun a ranar ta ga fuskar tsohuwa ba ta yi kama da abin da nake faɗa ba, amma ta gaskata mijinta ta ƙaryata idonta. Na roƙe ta gafara, na ce ta dawo, zan tsaya gaban kowa a kan gamanar. Ta ce ta yafe mini don Allah. Amma ba za ta zo ba, don wadda take so ta mayar wa magana tana cikin ƙasa.

Na tsallaka iyakoki da yawa a rayuwata, masu duwan, wato kwastan, da masu jandarma. Kowace in ka yi haƙuri, ka sha tambaya, za a ɗaga maka sanda ka wuce. Wadda na kafa a tsakar gidan uwata ba ta da ƙofa sai bakina, ni kuma ban taɓa barin kowa ya wuce ba. Na gane a makare cewa takarda ba ta mayar da mutum ɗan gari, shimfiɗa ma ba ta yi. Sai ranar da aka yi masa dariya ya rama, aka yi masa faɗa, aka ba shi aiki. Ku ƴan'uwana da ke biɗa, da yawanku za ku dawo da mata da ƴaƴan da ba su jin Hausa. Ku bar su su je rijiya. Ku bar su su yi kuskure a sheƙe musu da dariya. In an ba ku magana mai zafi ku kai, ku kai ta da zafinta, su ɓata, su shirya, abinsu ne. Wanda kuke tsare wa kunne don kada ya ji ciwo, ku sani har ƙaunar da ake yi masa kuke tsare masa, don a ƙasarmu sau da yawa a cikin tsawa take zuwa.