Ma'aunin Ruwan Muntaka

Duk ƙauyenmu, can arewa da Minjibir, babu mai taurin kai irin Muntaka, kuma na faɗa masa haka a gabansa. Manomi ne mai irin gero na gado, ɗan gajere mai saurin nuna, wanda ya ƙi musanya shi da na kanti. Damina biyu a jere ruwan farko ya yaudare shi: ya shuka, tsiro ya fito, rana ta ƙone shi. Irin da ya rage bai fi na shuka ɗaya ba. Idan wannan ma ya ƙone, shi ke nan.

Shi ya sa ya shiga Kano neman na'urar yanayi. Abu biyu ne: ma'aunin da ake kafawa a waje ya tari ruwa, da ɗan allo a ɗaki mai nuna yawan abin da ya sauka, babu waya tsakaninsu. Mai kanti ya so haɗa masa allon wani kamfani da ma'aunin wani, wai sun fi sauƙi.

Muntaka ya ce, "Alhaji, suna jin maganar juna?"

"Ai duk ɗaya ne."

Muntaka ya ɗauko butar alwala ya tsiyaya a ma'aunin. Allo ko motsi. Haka ya yi ta jiƙa wa mutumin tebur har ya samu waɗanda suka dace. Ya tambayi batir, ya tambayi nisan da saƙo ke kaiwa, ya tambayi ko katangar ƙasa na tare shi. Ya dawo ya kafa ma'aunin a kan sanda a tsakar gida, yana tafiya kamar wanda ya sayo mota.

Ranar da ruwa ya sauka yana Zakirai wajen ta'aziyya. Kafin ya dawo saman ƙasa ya bushe. Muka ce masa ruwan shuka ne sosai, mu har mun shuka. Ya duba allo, ɗigo kawai ya nuna.

"Yayyafi ne ya ruɗe ku," in ji shi. Na ji haushi, wallahi, amma wa zai iya da shi?

Sai da gonakinmu suka yi kore ya zauna yana ƙorafi a gaban matarsa Furera, ko na'urar ta lalace.

Ta ce, "Lalacewa kuma, Malam? Ai ina ganin hadari na kwashe shanya, na kifa mata kwano. Abu sabo fil zan bari ruwa ya doka?"

A garinmu haka mace mai kula take yi, ko tsintsiya ba ta bar wa ruwa.

Ruwa na biyu ya yi jinkiri. Ya auna, ya gamsu, ya shuka. Geron bai cika rumbu ba, amma ya ba da zangarniya mai kyau, ya ware na iri ya rataye. A majalisa aka sa shi gaba da tsiya, wani ya ce a faɗi wanda ya rufe wa na'ura baki.

Muntaka ya gyara zama ya ce, "Ni ne. Na wuni ina yi wa mai kanti tambayoyi, na dawo gida ban yi wa matata bayani ko ɗaya ba."