Idon Inna na Hagu

Ko me zan manta a zamanmu na Agege, ban da ranar da aka auna idon mahaifiyarmu, Inna, da wani ƙarfe mai madubai.

Mu 'yan gidanmu dara-daran idanu gare mu, kuma muna ji da su. Ni kuwa sana'ata kwalliyar amare ce, fuska ba ta ɓoye min komai. Wata Juma'a ina sa wa Inna kwalli, na ce ta rufe ido. Na dama ya rufu ruf, na hagu ya bar 'yar kafa, farin yana leƙowa. Na zagaya na dube ta ta gefe, sai na ga ya ɗan turo gaba. 

Da na gaya wa Yaya, babban wanmu, dariya ya yi. "Ke kin cika neman wahala. Idon gado ne fa, haka na Kaka yake." Matan layinmu kuwa, ganin idon ya ƙara girma, cewa suke ƙuruciya ce ke dawo wa Inna. Ita ma daɗi take ji, har ƙara kwallin take yi. Har yau in na tuna sai haushi ya kama ni, ashe ciwo muke ta yabo.

Na kafe, don na san abin da na gani. Ranar Litinin na sa ta a danfo, motar haya, sai asibitin ido, tana mita duk hanya. "'Yar nan, ko koko ba ki bari na sha ba, a kan idon da nake gani da shi sarai."

Likitar, wata Bayarabiya mai ɗan jin Hausa, ta ɗora ƙarfen a ƙashin gefen idanun Inna, ta leƙa madubin, ta rubuta. Sai ta ce ni ma in zauna. Ta ce nawa sun fi na yawancin mata fitowa, amma duka biyun daidai suke, wannan shi ne gadon. Awon yakan bambanta tsakanin yaro da babba, namiji da mace, har gida da gida, kuma da tsufa ido yakan ɗan koma ciki ne, ba ya fito ba. Na Inna na hagu kuwa ya zarce na dama nesa.

"Mama," in ji ta, "gado ba ya kama ido ɗaya ya bar ɗaya."

Gwajin jini ya nuna ciwon maƙoƙo ne, irin wanda bai kumbura wuya ba, shi ne ke turo idon. Likitar ta ce da mun ƙara jinkiri, idon da ba ya rufuwa zai bushe, ya yi gyambo, gani ya tafi. Inna ta kamo hannuna ta riƙe gam.

An ɗora ta a kan magani, kuma yau da idanunta biyu take karatun Alƙur'ani. Darasin da na ɗauka shi ne, in ka ga sauyi a jikin naka, kada yawan masu cewa "haka muke" ya rufe maka baki. Kai shi a auna.