Ranar da Jar Mota ta Kai wa Baba Iri

Shekarun baya, a farin nan na biyu da ya zubar da shanu a bakin hanya, maigidana ya shigo mana da mota. Jikokina sun ce sun gaji da jin labarin nan a bakina. To yau ga shi a rubuce, tunda Allah ya sa na shiga lakwal, makarantar manya, na koyi riƙe alƙalami, ko da yake furfura ta riga shi zuwa.

A Zango muke zaune lokacin, cikin Damagaram. Maigidana komi ne a wani biro, yana aiki da wani Bature. Da Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa motarsa da araha. Ja ce, ƙofa biyu, ta lafe a ƙasa kamar kwaɗo. In za ka shige ta sai ka duƙa kamar mai neman ƙwai a akurki. Ranar da ya kawo ta na fito ƙofar gida da ludayi a hannu, na zagaya ta, na ce, "Malam, wannan ta ɗaukar mutane ce ko ta ɗaukar hoto?"

Bai ji haushi ba. Ya tsuguna yana shafa tayar kamar goshin jariri. Ya ce, "Ke dai ba ki san abu ba. Tayoyin nan ba irin na kowa ba ne. Dubi kaurin gefensu. Ko ƙusa ta shiga, ko iska ta fita ƙaf, ba sa kwanciya, sai sun kai ka gida. Shi ya sa ma ko sakur ba ta da shi." Sakur ita ce tayar ajiya, ranar na fara jin sunan.

Na ce, "Madalla. Su yaran sai su ci taya."

Wanda ya san Damagaram ya san yadda ruwa yake a garin nan ko da lafiya lau, balle da fari. Amma kullum da safe mutumin nan sai ya ɗebi kofi guda ya jiƙa tsumma ya goge motar. Ran Juma'a ya sa babbar rigarsa shuɗiya, ya hau kwalta ya bi hanyar Mirya, ya juyo. Ba inda za shi. Gudun kawai yake so. Ni kuwa bakina bai taɓa hutawa a kanta ba.

Da bazara na hau kamiyo, babbar motar kaya, na je ganin iyayena a ƙauyenmu, can bayan Zermu. Na tarar rumbu a buɗe, ba mai ma rufe shi don ba abin ɓoyewa. Ƙannena maza sun tafi cin rani ba su dawo ba, sun bar mata da yara a wuyan Baba. Da muka keɓe a gindin gawo, sai ya ce min ya fasa tulun iri. Duk manomin da na sani ya gwammace ya kwana da yunwa da ya taɓa wannan tulun. Baba ya taɓa.

Na ce, "Baba, ni zan samo iri. Ina komawa zan aiko."

Baba yana ce min Uwata, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya ce, "Uwata, in kin samu, kada ki aiko. Gidan nan ƙwaya ta kwana, turmi za ta shiga. Kuma ni da hannuna zan zuba ta, don ba zan iya jin kukan yaran nan ina zaune a kan buhu ba. Binne kuma, shuka kafin ruwa, na yi bara, ƙasa ta cinye. Ki riƙe a wurinki. Ranar da kika ji ruwa ya sauka mana, ranar nake so. Ba washegari ba."

Na gane. Gonarmu jigawa ce. Ta sha ruwa yau, rana ta buge ta gobe, ta koma kamar ba a yi ba.

Na dawo gari na kwashe kwanonin jerena na kai wa wata tsohuwa mai tsohon gero a ajiye, ta ba ni buhu biyu. Na tura su ƙarƙashin gado. Saura abin kai su. Kamiyo ran kasuwa kaɗai yake zuwa wajenmu, ruwan sama kuwa ba ya duba ran kasuwa. Jakuna sun mutu, wanda ya rage da kyar yake ɗaukar kansa. Abin da muke da shi a hannu, wanda za a ce tashi ya tashi, ita ce jar banzar nan.

Na sami maigidana bayan ya ci abinci, na faɗa masa. Ya ce, "Ba za ta kai ba."

"Ba kai ka ce tayoyinta ba sa kwanciya ba?"

"Rashin kwanciyar ne matsalar. A kwalta sarakai ne. A rairayi kuwa tona suke yi, su binne kansu. Ga cikinta a ƙasa, tudun farko za ta zauna a kai. Sai dai a cire su a sa na gama-gari, a canza janti, ƙarfen da taya ke zama a kai, a sa mata rasor na motar kaya, ƙarfen da ke ɗaukar nauyi, a ɗaga ta."

Na ce, "To a yi mana."

Ya ce, "Kin san abin da kike faɗa? In aka yi mata haka ta tashi daga aiki. Ba za ta ƙara gudu ta riƙe hanya ba. So kike in mai da doki jaki."

Na ce, "Jakin nake so. Dokin me ya taɓa kawowa gidan nan ban da ƙura? Ubana yana can yana tona gidan tururuwa, kai kana nan kana yi wa ƙarfe wanka."

Ya ajiye kofin da ke hannunsa ya fita. Muka yi kwanaki gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ni ban iya lallashi ba, kuma ban koya ba har yau.

Wata la'asar ina tankaɗe na ji yaran unguwa suna ihu da dariya. Na leƙa. Ga motar tana tafe, ta ɗaga gindi sama kamar akuyar da ta hau turmi, da wasu baƙaƙen tayoyi masu kauri, an ɗaure mata sakur da igiya a baya. Abokansa na bakin shago har da tafi. Ɗaya ya kira shi yadda Faransawa ke kiran maigida, ya ce, "Mushe, ina ka kai amaryar ka dawo mana da kakarta?" Maigidana ya yi murmushin da bai kai ido ba. Daga baya na ji tsoffin tayoyin ya bayar aka musanya masa da waɗannan a garaj ɗin abokinsa. Wato ko ya so komawa, ba hanya.

Ya shigo ya ce, "Ga jakinki."

Na ce, "Sannu." Abin da na iya cewa ke nan.

Sai jira. Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Ya sake haɗuwa, ya sake watsewa. Muna cin jar dawar agaji mai ɗaure ciki, ga gero a ƙarƙashin gadona ina jin ƙamshinsa. A nan na san abin da Baba ya guje wa.

Wata safiya maƙwabcinmu mai jan kamiyo ya dawo daga gabas da laka a tayoyinsa. Ya ce ruwa ya sauka bayan Zermu, mai yawa. Ban ƙarasa jin zancen ba na shiga jan buhu. Ashe Juma'a ce, maigidana har ya sa shuɗiyar rigarsa. Muka cusa buhu ɗaya a baya, ɗaya a bayan kujeru, ni kuma na zauna gwiwa a haɓa.

Da muka bar hanyar kirki muka shiga rairayin da ruwan bai kai ba, motar ta fara nishi, ta tsaya. Ya fita, ya tsinci ɗan tsinke, ya tsuguna, sai na ji taya tana huci. Iska yake fitarwa! Na diro na riƙe masa hannu, na ce, "Malam, ka haukace? In haushina kake ji ka huce a kaina, ka bar tayar!"

Ya dube ni, kuma a karon farko tun faɗanmu ya yi dariyar gaske. Ya ce, "Ke kika tayar da gari a kan a canza taya, ashe ba ki ma san dalili ba? Sake ni. Ki dubi ƙafar raƙumi yadda take bajewa in ya taka. Abin da nake so ta yi ke nan. Tsoffin ba za su yarda ba."

Na sake shi. Tayoyin suka baje, muka haura rairayin a hankali kamar muna tafiya a kan katifa. Na kama bakina, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Can gaba ƙasa ta canza launi. Ƙamshin ruwa ya bugo mu ta taga, na ji hawaye ya zo min. Ya tsaya ya ƙara iska da famfon hannu, muka ci gaba. Ba mu yi nisa ba ƙaya ta huda tayar gaba. Ya sa sakur. Muka ƙara gaba, rana ta take tsaka, sai wani kututture da ke ɓoye cikin ƙasa ya yage ta baya, yagewar da faci ba zai yi mata komai ba. Garinmu kuwa da sauran tafiya, wadda ba mai yin ta da buhu a ka ya isa da rana.

Ya tsaya a kan tayar ya ce, "Da tayoyina ne, da yanzu tafiya muke."

Na ce, "Da tayoyinka ne, da yanzu muna can cikin rairayi muna haƙa."

Ya ce, "Haka ne." Na ce, "Kai ma haka ne." Muka tsaya muna kallon ƙasa tana bushewa a gabanmu.

Direbobin daji in haka ta same su ciyawa suke cusawa a cikin taya ta ɗan riƙe. Muka waiga gabas da yamma, ko tsinke ɗaya fari bai bari ba. Sai na ga ya ɗauko ƙarfe ya ɓanɓare bakin tayar, ya yage rigunan kujeru ya cusa. Bai isa ba. Ya cire babbar rigar. Na kwance mayafina na miƙa masa, ya ture hannuna. Ya ce, "Ni in shiga garinku ba riga, a ce mijinki ya zare. Ke ki shiga ba mayafi, a ce me?" Ya cusa rigar, ya bi ta da 'yar ciki, ya rage daga shi sai singileti.

Haka muka tafi, a hankali, ƙarfe yana ƙwanƙwasar ƙasa, ƙaurin tsumma yana tashi. Duk bugun da motar ta yi sai in ga fuskarsa ta motsa. 

Muka tarar da Baba a bakin gona, sungumi a gefensa, yana tura yatsa cikin ƙasa yana duba inda laima ta tsaya. Tun safe yake wurin. Na fito da gudu ina cewa, "Baba, ga shi, ga shi!" Ya tashi ya buɗe buhun, ya ɗebi geron ya shinshina, ya ce, "Da saura. Ƙasa ba ta rufe baki ba."

Maigidana kuwa ya ƙi fitowa. Mutumin da ko da rigarsa ba ya haɗa ido da Baba, yaya zai tsaya gabansa da singileti? Ya nutse a kujera, ga mota ba wurin ɓuya. Baba ya hango, ya gane. Sai ya juya mana baya, ya tuɓe tasa rigar mai faci a kafaɗa, ya miƙo min ta baya ba tare da ya waiwayo ba. Ya ce, "Uwata, kai wa baƙonmu."

Ranar kowa ya shiga gona. Baba yana sara, mata da yara muna bi muna zubawa muna takewa. Buhu na biyu Baba ya sa aka raba wa maƙwabta da ƙoƙo. Maigidana ma ya bi layi cikin rigar surukinsa, hannun biro, yana zuba iri kamar mai ba kaji. Inna ba ta yi masa magana kai tsaye, sai ta matso kusa da ni ta ce, "Gaya wa maigidanki ya rage hannu. Iri ne, ba sadaka ba."

Motar ta dawo gari, aka gyara abin da zai gyaru. Amma yadda ya faɗa haka aka yi. Da ta ɗan yi gudu sai ta kama rawa tana jan gefe. Ya daina zuwa hanyar Mirya ran Juma'a, kofin ruwan safe ma ya daina. Ta koma mai kai mata likita da ɗaukar buhun unguwa har ta mutu a tsaye.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin ranar da na ci gardama. Yanzu da maigidana ya rasu, na zauna ni kaɗai, ba haka nake ganinsa ba. Kwanonina na san zan sake sayen wasu, kuma na saya. Shi kuwa abu ɗaya ya taɓa mallaka wanda ba na ci ba ne, ba na sha ba, na jin daɗinsa ne kawai, a shekarar da daɗi ya yi wuya. Ya san ba zai dawo ba tun kafin ya kai ta garaj. Tayar da ke haye rairayi ita ƙaya ke kayarwa, wadda ƙaya ba ta kayarwa ita ke nutsewa. Ya san wannan, ni ban sani ba, kuma shi ya zaɓa. Ni ihu kawai na yi.

Damina ba ta yi wani kyau ba a shekarar, amma an samu abin da aka samu. Da kaka Baba ya aiko da dami ɗaya a kamiyon ran kasuwa. Mai kawowa ya sauke a ƙofar gida ya ce, "Tsoho ya ce in faɗa muku da kyau. Wannan ba na 'yarsa ba ne, ba na maigidanta ba ne. Na motar ne."

Maigidana ya ɗauki damin da kansa ya ɗora mata a kan hanci. Ya shiga gida, ya ɗebo ruwa kofi guda, ya tsaya yana kallona ko zan yi magana.

Na shiga ɗaki na ɗauko masa tsumma.