Tantin da Na Zaɓa wa Baba Inuwa

A duk shekarun da na yi ina sana'ar tamfol, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da Baba Inuwa Hedima ya zo shagona neman tanti. Ƙarshen watan Maris ne, a shekarar da ake ta shirin mayar da mulki hannun farar hula. Wasunku sun ji gutsuren labarin a bakina. Yau zan ba da shi duka.

Lokacin shagona yana Kwararafa a cikin Jos, ɗaki ɗaya da rumfa a gaba. Yawancin aikinmu rufin manyan motoci ne, masu sauka Kudu da dankali da tumatir. Ina sayen gwanjon kayan sojoji da na kamfanonin kuza da ke rage aiki, mu warware, mu yanka, mu sake ɗinkawa. Saye da sayarwa nawa ne, ɗinki kuwa na Obi, wani tela mutumin Gabas da muka daɗe tare. Kekensa yana cin tamfol ninki huɗu ba gardama.

Ga waɗanda ba su san sana'ar ba, ga yadda ake gane tamfol mai kyau. Za ka ɗaga shi ga rana, in haske ya ratso, ka ajiye. Za ka kankare shi da farce ka ga ko zare zai tashi. Sannan ka jinjina shi. Jinjinawar nan ita ce hukunci, domin a wurinmu mai nauyi shi ne mai kyau. Tamfol na gaske kuma sai ya sha ruwan farko, zarensa ya kumbura, sannan yake toshewa ya daina yoyo. Mun san wannan, har alfahari muke yi da shi. Nauyin ruwan da ya sha bai taɓa damun mu ba, tunda mota ke ɗauka.

Baba Inuwa aminin mahaifina ne. Hedima shi ne shugaban leburori a wurin haƙar kuza, kuma sunan ya bi shi har bayan ya ajiye aiki ya zauna a Naraguta. Da na fara sana'a ba ni da kowa, shi ya kama hannuna ya kai ni wurin mai kula da siton kamfanin kuza, ya ce duk tsohon tamfol ɗin da za a fitar a fara nuna wa yaron nan. A kan wannan maganar na tsaya da ƙafata. Ya kusa saba'in a lokacin, dogo, siriri, ba ya son a riƙe masa hannu.

Ya zauna a benci, muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Garba, ɗaki nake nema. Wanda zan iya goyawa."

Obi ya tsayar da keke. "Baba, Mama ya kore ka ne?"

"Kai tela, da za ta kore ni ai da ta yi tun ina da haƙora."

Na ce, "Baba, ina ka taɓa jin Bahaushe ya yi tafiya da ɗaki? Duk garin da ka sauka akwai zaure."

"Inda za ni babu gari."

Ya yi mana bayani a hankali, yana kallon ƙasa. Shi da ƙanensa Habu suka zo Jos tare suna samari. Aikinsu na farko a wani barikin haƙar kuza ne can bayan duwatsun Shere. A damina ta biyu bangon rami ya rufto wa Habu. Shi da hannunsa ya binne shi a gindin wani tudu, ya jera manyan duwatsu bakwai a kai. Daga nan aka yi ta ɗage su daga bariki zuwa bariki, kowace shekara yana cewa baɗi zai koma. Barikin ya mutu, hanyar ta toshe, mutane suka watse. Yanzu yanar ido ta fara rufe masa idanu, na hagu ya riga ya tafi. Yana so ya je ya tsaya a kan kabarin ya yi addu'a tun yana iya gane wurin, kuma dole ya je kafin ciyawa ta tashi ta rufe duwatsun. Mota za ta kai shi ƙauyen ƙarshe, daga nan tafiyar kwana biyu ce a ƙafar tsoho, zuwa kaɗai.

Na ce ya tafi da ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Ya ce in suka ji za su ɓoye masa takalmi. Na ce to ni zan raka shi. Ya ce, "Ka bar shago ka bi tsoho daji? Maganar da zan yi da Habu ba ta son ɗan rakiya."

Na fito da abin da nake da shi. Na farko tantin soja ne na mutum biyu, da sandunan ƙarfe. Ko shimfiɗa shi ba mu gama ba ya ce a naɗe, wannan sai jaki. Na biyu wani ɗan tanti ne kore da na saya a cikin tarkacen wani Bature malamin jami'a da ya koma gida. Ba tamfol ba ne, yadi ne sirit mai santsi kamar na laima, da sanduna marasa nauyi masu shiga cikin juna. In an naɗe shi bai wuce damin rake ƙarami ba. Wata takwas yana shagon ba wanda ya taya. Direbobi in sun gan shi dariya suke, su ce rigar ruwan 'yan makaranta.

Obi ya kafa shi a gaban rumfa. Baba Inuwa ya durƙusa ya leƙa ciki, ya shiga ya miƙe, ƙafarsa ta kai ƙarshe daidai. Ya fito ya murza yadin tsakanin yatsu. Da aka naɗe, ya ɗauka da hannu ɗaya, ya ɗora a kafaɗa, ya taka zuwa bakin kwata ya dawo.

"Wannan nawa ne?" in ji shi.

A nan na yi kuskuren. Tun da ya fara magana na ƙudurta cewa ba zan karɓi ko kwabo a hannunsa ba. Da na ga abin da ya ɗauka, sai kunya ta kama ni. Mutumin da ya tsayar da ni a sana'a, ya zo da buƙata irin wannan, in sallame shi da abin da direbobi ke yi wa dariya? Ina da wani bandir na tamfol sabo fil, mafi kyau da na taɓa riƙewa, ina ɓoyon sa don babban ciniki.

Na ce, "Baba, ajiye wannan leda. Ƙanƙarar Jos za ta yayyaga shi a ruwan farko. Ni zan sa a ɗinka maka naka, daidai jikinka, da tamfol ɗin da ko gwamna bai kwana a cikinsa ba. Kuma kyauta ce, kada ma ka sa hannu a aljihu."

Ya tsaya da koren tantin a kafaɗa. Ya dube ni, ya dubi bandir ɗin da na janyo. Sannan ya sauke ya ajiye a kan benci.

"Allah ya yi maka albarka, Garba. Allah ya jiƙan mahaifinka."

Da ya tafi Obi ya ce, "Oga Garba, Baba yana son wancan ƙaramin."

"Yana kara ne, ba ya son in yi asara."

"Ni na ga hannunsa. Baba ba lori ba ne fa."

Na ce ya yi ɗinkinsa, ni na san kaya. Kwana uku ya yi yana aikin, kuma ya yi shi da kyau: ninki biyu a ƙololuwar tantin, fata a kusurwoyi, shimfiɗa a ƙasa saboda sanyi. Muka ɗora a sikeli da sanduna da turaku, laba goma sha ɗaya. Koren nan laba huɗu ne. Na jinjina na ce ai wannan ba komai, mutumin da ya ɗauki kwanon kuza a ka shekara da shekaru. A bushe na auna shi, cikin shago, ina ɗan shekara talatin da biyar.

Ya zo ya karɓa ranar Laraba da safe. Ya yaba ɗinkin, ya tsokani Obi cewa ashe dai ya iya. Ya ɗaura shi a baya tare da bargo da buta da ƙullin garin rogo da ƙuli-ƙuli. Na raka shi tasha. Da zai hau mota sai da ya dafa ƙofa sau biyu. Na gani, na kawar da kai.

Washegari da la'asar ruwan farko ya sauka, da ƙanƙara. Ina tsaye a rumfa ina jin daɗi, har na ce wa Obi, "Ka gani? Da yanzu ledarka ta zama tsumma." Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ranar Litinin da hantsi wata motar itace ta tsaya a gaban shago. Direban ya sauko da Baba Inuwa, sannan ya jawo tantin ya jefar a ƙasa. Ƙarar da ya yi kamar an yar da buhun gishiri. Na sunkuya in ɗauka da hannu ɗaya, ya ƙi tasowa. Har lokacin a jiƙe yake.

Muka zaunar da shi, aka kawo shayi. Kafaɗunsa duka biyu igiya ta yanka. Ya ce tantin bai yi yoyo ba ko ɗigo, ya kwana a bushe kamar a gida. Da gari ya waye ya naɗe, sai ya kasa ɗagawa, sai da ya jingina shi a dutse ya shiga ƙarƙashinsa. Ya so ya shanya, rana ba ta fito ba, aka sake ruwa. Tafiyar da ya yi niyyar yi a yini ɗaya ta ci masa biyu. Ya kai bakin wani rafi, abinci ya kusa ƙarewa, gwiwa ta kumbura. Daga nan yana hango tudun, a tsallake, tafiyar da ba ta fi rabin yini ba. Ya san in ya haura ba zai iya dawowa ba. Ya tsaya a nan ya yi addu'arsa, ya juyo. Wasu Fulani suka tsince shi a hanya suka kai shi inda masu itace ke lodi.

"Ka ga duwatsun?" na tambaya.

"Na ga tudun."

"Baba, me ya hana ka yar da shi? Ka bar shi a gindin dutse, ka je ka dawo ka same shi. Ko ya ɓata ma, tamfol ne."

"A yar da kyauta a daji, Garba? In wani ya ɗauke, in zo in ce maka me?"

Obi ya tashi ya shiga ciki, ya daɗe bai fito ba.

Na ce da rani mai zuwa za mu koma, in ɗauki hayar mota da majiya ƙarfi biyu, ko a kafaɗa sai mun kai shi. Ya ce Allah ya kai mu. Kafin a gama girbi idon dama ya bi na hagu. Na je Naraguta na same shi a ƙofar gida, na ce ya kwatanta mini wurin, ni zan je in tsaya a madadinsa. Ya kwatanta: rafi, tudu, wata bishiyar ɓaure in tana nan. Sai kuma ya ce, "Bari, ɗana. Wurin duk duwatsu ne. Wanda bai jera su ba ba zai gane su ba."

Ya shekara uku bayan nan kafin ya rasu. Nakan je duk Juma'a bayan masallaci. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, kullum in an yi baƙo sai ya ce ga Garba wanda ya ɗinka masa ɗakin da ba ya yoyo. Amma ko wace hira muka fara, ƙarshenta sai ta koma kan Habu: yadda yake waƙa in suna wanke kuza, yadda ba ya cin tuwo sai da yaji. Wani lokaci yakan tambaye ni ko an fara ruwa a wajen Shere, in ce an fara. Sai ya ce to, ciyawa ta rufe ke nan.

Ku da kuke cikin sana'ar yanzu, ga abin da na ɗauka. Kayan da mutum zai goya, ba hannunka ne zai auna su ba, bayansa ne, kuma a jiƙe, a rana ta uku. Na biyun ya fi wannan wuya. Mai saye da kuɗinsa yana da baki, zai ce wannan ya yi nauyi, wancan nake so. Da ka ce kyauta ce, ka rufe masa baki, balle dattijo irin na da. Baba Inuwa ya fi ni sanin kaya, ya riga ya zaɓa, ya ma tambayi kuɗi. Da na faɗa masa farashi kamar kowane mai saye, da ya tsallake rafin nan. In za ku yi wa mutum alheri a shago, ku bari ya zaɓa tukuna, ya ɗauka, ya kai bakin ƙofa. Sannan ku ce ya bar kuɗin.