Ɗanyen Yumɓun Anti Saude

Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Anti Saude Bello ta Gyadi-Gyadi, bayan jinyar kwana tara. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma. Ummana ce ta faɗa mini, ina kwance ina karanta littafin soyayya a waya. Ban san lokacin da wayar ta faɗi ba.

Anti, a bara ne na fara ganinki, ranar da malamarmu ta zane, Malama Gloria, ta zagaya da 'yan ajinmu wuraren masu aikin hannu na Tarauni. Gidanki ne na ƙarshe. Ni da na ɗauka tangaran daga ƙasar waje kawai yake zuwa, a jera wa amarya, kamar yadda nake karantawa. Sai ga ki a bayan gida, tsohuwar nas, yumɓu har gwiwar hannu, kina fitar da kofi daga curin ƙasa. Kowa ya ɗauki hoto ya fita. Ni na tsaya bakin ƙofa, na kasa tafiya. Kika ce in ba zan gaishe ki ba, to in zo mu gaisa da yumɓu.

Daga nan duk Asabar ina wajenki. Ba ki taɓa tambayata me ya sa ba na magana ba. Kofina na farko a karkace ya fito, kika ɗaga shi kina dariya kika ce, "Samira, wannan na wane saurayin littafin ne? Ki gaya masa ya sha shayinsa a kishingiɗe." Amma kika gasa shi tare da naki.

Ke kika koya mini cewa faranti ko ya bushe ƙayau, in bai shiga wuta ba, har yanzu ƙasa ne, ruwa na taɓa shi ya tashi daga aiki. Kafin ciwo ya kwantar da ke kin gina farantai goma sha huɗu, suna kan kanta suna jiran tanderu. Da na je duba ki asibiti kika ce in kula miki da su, kada ruwan damina ya same su, in an sallame ki tare za mu hura wuta. Na ce to. Kullum da yamma sai na je na gyara ledar da na rufa musu.

Ranar sadakar uku gida ya cika, kwanuka suka yi kaɗan. Yayarki Hajiya Magajiya, da ta zo daga Daurawa, ta leƙa ɗakin aikinki ta ga farantai a jere. Ta sa aka kwaso su, ta ce a ɗauraye a zuba wa baƙi waina. Ina tsaye, Anti. Tsakanina da bahon wanke-wanke bai fi taku uku ba. Mata sun fi ashirin, duk manya. Na ce, "Hajiya, ɗanyu ne." Ni kaina ban ji muryata ba. Aka zuba su a ruwa, aka koma wajen tanda.

Da mai wanke-wanken ta dawo ta sa hannu, rabin faranti ta ɗago, shi ma ya zube ta tsakanin yatsunta. Ruwan ya koma ja. Hajiya ta yi salati, ta ce ashe kayan ba su da ƙarko. Na sunkuyar da kai. Aka juye bahon a kwata.

Hajiya ba ta da laifi, ba ta sani ba. Ni ce na sani. Abu ɗaya kika taɓa roƙona a duniya, kuma cika shi bai wuce in ɗaga murya ba. Na rubuta wannan ne don waɗanda suka ji maganar nan su san aikinki ba shi da aibu. Yafiyarki kuwa babu inda zan je in nema yanzu.

Allah Ya jiƙanki, Anti, Ya haskaka kabarinki, Ya sa jinyarki ta zama kaffara, Ya saka miki da Aljanna kan marasa lafiyar da kika yi wa hidima. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Baba Murtala, da 'ya'yanki Anti Mufida da Yaya Sadiq, da Hajiya Magajiya. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ni ma ku sa ni a addu'a, ban samu nawa ba tukuna.

Samira Kabiru, Babban Giji