Ranar da Na Kai Alƙali Gona a Gyadi-Gyadi

Ko na manta da komai a shekarun da na yi ina malamin gona, ba zan taɓa mantawa da ranar Larabar da na kai alƙali gona a tsakiyar unguwar Gyadi-Gyadi ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ku gyara zama.

A shekarar, tsarin gwamnati shi ne a raba takin zamani daidai-wa-daida ga kowace mazaɓa, ta ƙauye da ta birni. Wata ƙungiyar manoman karkara ta ce ba ta yarda ba, ta garzaya kotu tana tambayar ina gonar take a cikin gari. Ni kuwa saura wata bakwai in yi ritaya, kuma tuni an turo mini sunayen manoman Gyadi-Gyadi daga sama, na sa hannu a takardar rantsuwa cewa na san su da gonakinsu. Wanda aka kama da rantsuwar ƙarya, fansho ya tafi, gidan yari ma yana iya biyo baya.

Alƙali ya dakatar da rabon, ya ce zai zo ya gani da idonsa. Daraktanmu ya kira ni ofis, ko kujera bai nuna mini ba. Ya ce, "Malam Sabi'u, sa hannunka ne. Ka nemo gona kafin Laraba."

Kwana uku ina zagaye ƙaramar hukumar Tarauni, inda Gyadi-Gyadi take, a kan babur, ban ga komai ba sai bulo da shaguna. Ranar Litinin na leƙa wani kango na ga masara kore shar, da barkono, da ganyen ugu na miyar 'yan Kudu da ya hau katanga. Mai wurin wata dattijuwa ce 'yar Kudu, Maman Ifeoma, tsohuwar nas, wadda Hausarta ta fi tawa. Da abin da take nomawa a nan take ciyar da jikokinta biyu. Na roƙe ta kamar in yi kuka, ta bari in kawo alƙali ya ga wurin.

Ta ce, "Malam, su zo su gani. Amma kada a taka mini kunya ko ɗaya."

Na ce wallahi ba za a taka ba.

Ashe Darakta ya aika wa duk wanda sunansa ke cikin takarda ya zo da shigar manoma. Ranar Laraba sai ga tela, ga mai gyaran waya, ga direbobin adaidaita, kowa da malafa da sabuwar fartanya, wata ma ba a cire mata leda ba. Lauyanmu ya ce kowa ya tsaya a gonarsa. Aka raba musu kunya-kunya, ba ta isa ba, aka koma raba karan masara. Mutum biyu har suka fara cacar baki kan wani kara mai goyo biyu.

Maman Ifeoma ta taso tana ɗaga hannu. Ɗan sandan kotu ya tare ta, ya ce ta matsa baya, ba ta cikin shari'ar.

Lauyan masu ƙara ya nuna wa wani mai sayar da atamfa ganyen ugu, ya ce, "Alhaji, me ka shuka nan?"

Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wake ne, na zamani."

Lauyanmu ko kunya bai ji ba. Ya ce dokar rabon ba ta faɗi girman gona ba, ba ta kuma ce dole manomi ya san sunan abin da ya shuka ba. Alƙali ya sa aka ja igiyar awo daga kusurwa zuwa kusurwa, mutane suna ja da baya a kan barkono don a ba igiya hanya. Ya rubuta cewa kotu ta ga gona, ta kuma ga manoma. Ni dai na ji sanyi a raina, ba zan yi muku ƙarya ba.

Da motoci suka tafi na waiwaya. Kangon ya koma kamar filin ƙwallo, masara duk a kwance, ugun an tsinke shi daga katanga. Maman Ifeoma tana durƙushe tana tsince barkono daga cikin taɓo. Na duba takardar hannuna har sau biyu, sunanta ba ya ciki.

Kunya ta kama ni. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri. Da an saki takin, buhu guda zan kawo miki da kaina."

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "In zuba wa me, Malam?"

Shari'a ta yi ta shan ɗagewa, ba a saki takin ba sai da aka gama girbi. Na yi ritayata lafiya, ina cin fanshona, kuma duk ƙarshen wata sai tambayar nan ta dawo mini. Don haka ku ji da kyau: duk takardar da aka miƙo muku a aikin nan, kada ku sa hannu sai ƙafarku ta taka gonar. In kun je kuma, ku duba inda kuke takawa.