Gwangwanayen Yaya Garba

Shekara sittin da shida ke nan da rasuwar yayana Garba, kuma har yau ba na son warin roba in tana ƙonewa.

A zamanin Turawa shi ne mai fassara a motar majigi da ke zagaya ƙasar Haɗeja. Bayan an nuna fim ɗin lambar rigakafin agana da na noman gyaɗa, sai a saka na ban dariya: wani ɗan sandan ciki mai shirme yana neman ɓarawo, yana kama marasa laifi. Garba kan sa masa muryar Bamange, wata ƙabila ta yankinmu, fili ya ɗauki shewa.

In fim ya tsufa, Baturen majigi kan ce a binne shi. Bai taɓa faɗin dalili ba. Garba ya ga ɓarna ce, sai ya riƙa kawo su gida cikin gwangwanayensu. Da hantsi yakan warware ɗaya, ya ɗaga wa rana, ya bi hoto bayan hoto yana ba mu labarin. Da kogi ya kawo, sai ya rataye su a rufin ɗakinsa don kada ruwa ya taɓa.

Wata bazara bayan azahar muka ji ƙara. Rufin ya kama, mun zuba ruwa, wutar kamar ƙara mata mai muke. 'Yarsa Hajara, mai shekara huɗu, tana barci a ciki. Ya shiga, ya miƙo ta ta taga. Shi kuwa kwana uku ya yi yana jinya, ya cika. Gidaje biyar suka ƙone, maƙwabta suka daina gaishe mu.

Bara wani mai tara tsofaffin finafinai ya zo daga Kano yana cigiya. Da na ba shi labari ya ce, "Baba, ai irin wannan fim da kansa yake kamawa in zafi ya yi yawa." Ashe an sani. Da Garba na raye, ban san ko zai yi murnar an fara daraja abin da ya tara ba, ko kuka zai yi.

Ko hotonsa ba mu da shi. Na je Miga, inda Hajara take zaune, na gaya mata zan yi wannan rubutu. Ta ja mayafi kan tabon hannunta.

"Baffa," ta ce, "kowa wutar yake faɗa. Ka rubuta cewa ya fito da ni."

Na rubuta. Allah ya jiƙansa.